Takalman Rifkatu

Na sauka Guangzhou da furfura a kaina, a shekarun da sa'o'ina suke zaune a ƙofar gida suna rigima da jikoki. Wani ɗan garinmu mai kamfanin aika kaya ne ya ce yana neman tafinta, wanda zai tsaya tsakanin 'yan kasuwarmu da mutanen China, ni kuwa fanshona ba ya kai ni tsakiyar wata. Yarensu na tsince shi ne a bakin masu aikin hanya, na daɗe ina aiki tare da su a Sudan da kuma gida. Kafin nan na yi karatu a Mosko ina saurayi, na yi Jidda, na yi Abijan. Na ɗauka babu wata baƙunta da ta rage ban ɗanɗana ba. Ashe da saura.

Zangon farko neman ɗaki ne. In na buga waya na yi magana da yarensu, sai a ce akwai ɗaki, in zo in gani. In na iso mai gida ya ga fuskata, sai ya kaɗa hannu ya ce "me yo", wato babu. A Mosko tsofaffin mata sukan shafa fatarmu su duba yatsunsu, amma sukan bi mu da tuffa. A Jidda a kira ka takari, a kuma ba ka haya. A Abijan a cuce ka a farashi, ana yi ana dariya da kai. Nan kuwa ƙofa ce kawai take rufewa a hankali, mai ita yana murmushi. Da ƙyar na samu wani kurɗi a cikin lungu, inda benaye suka haɗa goshi har rana ba ta sauka ƙasa.

Ɗan garin namu ma da ya yi mini alkawarin ofis da gida, kujera ɗaya ya nuna mini a cikin sito, tsakanin kwalaye. Aikin kuwa ba na so in tuna shi. Ɗan kasuwa ya ce in gaya wa mai masana'anta ya buga wa kaya tambarin Italiya. Mai masana'anta ya ce in gaya wa ɗan kasuwa kayan lamba ɗaya ne, alhali da idona na ga lamba uku ake ɗurawa. Na zama kwata, ƙazantar ɓangare biyu ta kaina take bi. Ranar Juma'a kaɗai nake samun sa'ida a Masallacin Huaisheng, shi ma da an yi sallama, kafin ka sa takalmi ka ji ana tambayar yaushe kwantena za ta tashi.

Na yi 'yan watanni a haka, sai wata yarinya ta shigo sito da hantsi. Tafiyarta ce ta fara tsayar da ni: baya a miƙe kamar an ɗaura mata gora, ƙafafu a buɗe waje kamar na agwagwa. Na san wannan tafiyar. A Mosko na santa, lokacin da makaranta take raba mana tikiti mu je kallon bale, rawar nan ta Turawa da mata suke tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa suna juyi kamar ba su da nauyi. Ban taɓa zaton mai irin wannan tafiyar za ta rusuna ta gaishe ni da Hausar Zazzau ba.

"Ina kwana, Baba. An ce kai ne Malam Sabo mai jin yarensu."

"Ni ne. 'Yar wane gari?"

"Wusasa. Sunana Rifkatu."

Kirista ce, 'yar malamin asibiti. A Jos ta fara koyon rawar, wajen wata tsohuwar Baturiya. Matan zumunta na cocinsu ne suka yi karo-karo suka saya mata takalmin farko, dattawan coci suna gunaguni. Daga nan Legas, daga nan Afirka ta Kudu, inda ta yi shekaru tana rawa a wata ƙaramar ƙungiya har ƙungiyar ta durƙushe. Sai wani dillali ya ce mata ana nemanta a China. Ta zo tana zaton dandali ne, ta tarar da gidan cin abinci. Abin da take so in raka ta wajen mai gidan, don shi ba ya jin Turanci, ita kuma ba ta wuce gaisuwa da godiya ba.

Da la'asar muka je. A bakin ƙofa raƙumin dawa na roba ne da zaki na roba. A ciki aka nuna mini kayan aikinta: bujen kaba, farin fenti na shafa wa fuska, da wani ƙashin roba da ake soka mata a gashi. Aikinta ta yi ta tsalle tana ihu a tsakanin tebura, mutane suna ɓare ƙaguwa suna ɗaukarta a waya. Na zaga Afirka daidai gwargwado, na ga rawar Nuba, na ga ta Bawule, na ga koroso a gida, ban taɓa ganin wannan haukan a ko'ina ba. A cikin ƙwaƙwalwar wani aka ƙirƙire shi, aka nemo baƙar fata ta sa.

Lawban, haka ake kiran maigida a can, ya karɓe mu yana sakace. Roƙonta ɗaya ne, ya bar ta ta riƙa yin rawarta ta gaskiya ko da sau ɗaya ne a mako. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ba da amsa, ni kuwa na tsaya ina neman inda zan rage mata kaifi.

"Ka faɗa mini duka, Baba," in ji ta. "Kada ka tace."

"Ya ce baƙinsa ba su biya don su ga baƙar mace tana kwaikwayon Baturiya ba. Ya ce masu yin wannan suna da su, sun fi ki fari, sun fi ki siranta."

Ta ce masa shiye-shiye, wato na gode, muka fito.

A hanya ta warware mini halin da take ciki. Izinin zamanta a ƙasar da sunan wannan mutumin aka yi shi, kwangilarsu kuma ta kusa ƙarewa. Akwai wata ƙungiyar bale ta gaskiya a unguwar Tianhe da ta sa ranar gwajin sababbin 'yan rawa. In sun ɗauke ta, izinin ya koma hannunsu, ta rabu da bujen kaba. In ba su ɗauke ta ba, ko ta sake shekara a wajen Lawban, ko ta koma gida inda babu mai biyan ko sisi don wannan rawar. Ta kusa talatin, mai bale kuwa kamar ɗan dambe ne, shekarunsa ba su da yawa.

Ba ta da inda za ta yi atisaye. Na roƙi ɗan garinmu, ya ce ta yi a sito muddin ta gama kafin motoci su fara zuwa. Haka ta riƙa zuwa da sassafe, cikin dogon wando da babbar riga. Kafin ta fara sai ta durƙusa a gefen kwali ta yi addu'a da Hausa, ƙasa-ƙasa, amma ina ji: "Ya Uba, ga jikin da ka ba ni, na kawo maka shi yau ma." Sannan ta kama ƙarfen kantar jera kaya da hannu ɗaya, ta shiga lanƙwasa da miƙewa, abu ɗaya ta yi ta maimaitawa har gumi ya jiƙa siminti. Wanda ya ga rawar a dandali bai ga komai ba. Noma ne.

Mutanenmu ba su bar ta ta huta ba. "Malam Sabo, gidan gala ka buɗe mana?" Masu faɗin haka su ne suke zagayowa ta bayan kwalaye su ce in karɓo musu lambarta. Wani ya tsaya a kanta rannan ya ce, "Ke, fastonku ya san kina wannan abu kuwa?"

Ba ta sauke ƙafarta daga kan kantar ba ta ce, "Ya sani, yallaɓai. Bai so ba. Amma ba shi ya ba ni ƙafafun ba."

A shekarar azuminsu na kwana arba'in ya haɗu da namu. Tana tafiya aiki kafin magariba, amma kullum sai na tarar da ƙaramin fulas a kan kujerata, kunun gyaɗa ne da ta haɗa da shinkafa da man gyaɗan kwalba. Ba kunu ba ne na a zo a gani. Amma ranar da na fara kurɓarsa sai da na juya wa mutane baya, don tsakar gidana ce ta faɗo mini gaba ɗaya, har da ƙarar muciya. Ni kuma nakan ajiye mata dabinon da ake rabawa a masallaci.

Dole in yi bayanin takalman, don a kansu komai ya tsaya. Takalmin bale ba takalmi ba ne yadda muka sani. Bakinsa ƙoƙo ne mai tauri, ƙyalle bisa ƙyalle da gam, shi yake riƙe yatsu in mace ta miƙe a kansu. Nata a Turai ake ɗinka su daidai da awon ƙafarta, in ta yi oda sai ta yi watanni tana jira. Ba sa kuma daɗewa, gumi yake kashe su. Biyu suka rage mata. Tsohon ya riga ya mutu, ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, da shi take lallaɓa atisaye. Sabon kuwa shi take tanadi don ranar gwaji, ta yi makonni tana shirya shi: ta buga shi da ƙasa, ta lanƙwasa tafinsa, ta ɗinka masa igiyoyi da hannunta, sannan ta bi shi da hodar kwalliya mai ruwan ƙasa, don da launin fatar Baturiya ake yin su, sai ta rina da kanta ya dace da ƙafarta. Lokacin kuwa damina ce irin tasu, wadda bango yake zufa, tufa ta yi fumfuna a jikin ƙusa. Sitonmu yana da injin tsotse laima saboda kayan fata, shi ya sa take ajiye takalman duka biyu a kan kantar da ke kusa da shi.

A nan Alhaji Ɗanlami ya gan su. Dillalin takalma ne daga Kano, mutum mai fara'a da kyauta, wanda in ya gaishe ka idonsa yana kan ƙafarka. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa bakin da farce.

"'Yata, wa yake yin wannan?"

Ta gaya masa, ta kuma gaya masa yadda ake jira.

"Watanni? A garin nan?" Ya kama ciki yana dariya. "Ke, a Guangzhou in kin kai hoton kakarki, kafin Juma'a an buga miki ita guda dubu. Ba ni samfur kawai. Ina da mutumin da ko takalmin Fir'auna ne zai fitar."

Na ga abin da take tunani: in abin ya yiwu, ta huta da jiran Turai har abada.

"To, Alhaji, ka ɗauki tsohon. Tsohon kaɗai. Sabon nan kada a taɓa shi, don Allah."

"An gama," in ji shi.

Da rana ya dawo ɗauka, ni ina unguwar Liwan da wasu baƙi. Ya dubi tsohon, baƙi ƙirin, a yage, yana wari. A sana'arsu kuwa akwai ƙa'ida da kowane yaron shago ya sani: ba a kai tsohon abu samfur, don masana'anta abin da ta gani take bugawa, har da yagewar. Sai ya ɗauki sabon, da niyyar ya dawo da shi gobe kafin ta lura.

Washegari ta shigo ta miƙa hannu kan kantar, sai na ga hannun ya tsaya. Saura 'yan kwanaki gwaji. Na kira Alhaji, na sa wayar a fili.

"Haba Malam! Ni da na tsufa a takalmi zan kai wa masana'anta tsumma? Su raina ni? Ku kwantar da hankalinku, ku zo ma ku ga abin mamaki."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka muka hau bas, har bayan gari. Duk hanya leɓunanta suna motsi da addu'a. Masana'antar wani dogon ɗaki ne mai warin gam da yake hawa kai. A kan teburin mai ita muka tarar da takalmin. An feɗe shi kamar kaza. Ƙafa ɗaya an ɓare ta ƙyalle-ƙyalle don a ga abin da ke ciki, ɗayar an raba ta biyu da zarto daga baki har dunduniya. Haka suke yi wa kowane samfur, Alhaji ma ya sani, bai dai taɓa kai musu abin da ba shi da na biyu ba.

Mai masana'anta ya fito da nasa yana washe baki. Ja-ja ne mai sheƙi, an jera masa duwatsun roba a goshi. Bakin kwali ne. An kuma ƙara masa ɗan tsini a dunduniya, don a cewarsa mace ba ta tafiya a kan takalmi marar tsini. Ba kuma ɗaya aka yi ba, masana'anta ba ta tayar da inji don ƙafa biyu. Alhaji ya riga ya ba da odar kwalaye, wai zai kai wa 'yan biki.

Rifkatu ta danna bakin da babban yatsa, ya lotsa.

"Ki gwada mana!" in ji Alhaji. "Wallahi ya fi naki kyau. Naki fa ko ado babu, kamar an tsamo shi daga taɓo."

Ta kwance ɗankwalinta, ta tattara gutsattsarin nata ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle. Na sha ganin mugunta a tafiye-tafiyena, na kuma san yadda ake zama da ita. Abin da ya fi damuna a ranar shi ne babu mugunta a ciki. Mutumin nan har ransa taimako ya yi. Duk abin da Allah ya halitta, tambayarsa a kai ɗaya ce, guda nawa ne suke shiga kwantena.

Sauran kwanakin a shagunan kayan rawa muka ƙarar da su. Akwai su a garin, amma ƙafarta mai faɗi ce, tasu kuwa sirara. Ko'ina aka dubi ƙafar sai a ce me yo. A shago na ƙarshe wata tsohuwa ta zauna a ƙasa ta kama ƙafar da hannu biyu, ta ga yatsun da suka karkace da farcen da ya yi baƙi, ta girgiza kai kamar uwa. Ta fito da mafi faɗin abin da take da shi, ta kara shi a bakin buta tururi ya ratsa shi, ta yi ta buɗa shi da hannu. Ta ƙara mata da ulun cusa wa yatsu, ta ƙi karɓar kuɗinsa. Duk da haka da ƙyar ƙafar ta shiga.

Ranar Lahadi ta je sujada a wani ɗakin otal da baƙi irinta suke haɗuwa. Da ta dawo na tambaye ta ko ta samu sanyi.

"Faston ya ce maƙiyan gida ne suka biyo ni, in sayi man da ya yi wa addu'a in shafa a ƙafa."

"Kin saya?"

"Baba, ni ban ga maƙiyi ba, Alhaji na gani." Ta yi 'yar dariya, ta farko tun ranar masana'anta. "Fita na yi na tafi tsohon cocin nan na dutse, na zauna a bencin baya. Ban ma san abin da zan roƙa ba. Na ce wa Ubangiji dai ga ni."

Ban yi mamakin faston ba. Muna da namu a lungunmu, mai sayar da rubutun sha don kwantena ta fita tashar ruwa lafiya.

Ranar gwaji na raka ta Tianhe. Wani babban ɗaki ne a saman bene, madubi ta ko'ina, da mai kaɗa piyano a kusurwa. Aka ba ni kujera a bakin ƙofa. Ta tsaya a cikin 'yan mata da ta girme su nesa ba kusa ba, ita kaɗai baƙa, da takalmi mai launin da ba nata ba, don ba ta samu lokacin rina shi ba. Shugabar wata mace ce mai furfura, siririya kamar sanda. Da aka fara, ta bi layi tana duba kowa, da ta zo kan Rifkatu sai ta tsaya, ta daɗe. Aka zo tsalle, na ga yarinyar nan ta tashi sama ta ɗan dakata a can kafin ta sauko, irin abin da ban sake gani ba tun Mosko. Har na fara cewa a raina an wuce wurin.

Sai aka zo juyi a kan yatsu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tana tsakiyar ɗaki ƙafar ta ƙi. Ba ta faɗi ba, saukowa ta yi. Ta koma ta sake, ta sake saukowa a wuri ɗaya. Da ta koma karo na gaba, jini ya riga ya ɓullo ta bakin takalmin. Shugabar ta ɗaga hannu, piyano ya tsaya. Ta yafuto ni.

"Ka gaya mata an koyar da ita da kyau, kuma na ga takalmin ba nata ba ne. Amma ba zan ɗauki abin da ban gani ba. Ta dawo baɗi da nata."

A duk waɗanda suka ce mana a'a a garin nan, ita kaɗai ce ban ji ƙyamarta ba.

Bayan kwana biyu Rifkatu ta zo sito tana ɗingishi, ta ce ina Alhaji. Na ce ta bar shi da Allah.

"Bikinmu na Ista ya kusa, Baba. Ba zan je karɓar Jibin Ubangiji a coci da wannan abu a cikina ba."

Yana can ƙurya yana liƙe kwalayensa, tun ranar masana'anta yake kauce mana. Da ya gan ta sai ya miƙe yana goge hannu a riga. Ta rusuna kamar yadda ta saba.

"Alhaji, abin da ya faru ya cuce ni ƙwarai. Ban samu aikin ba. Na zo in gaya maka na yafe maka."

"Alhamdu lillahi! Kai, Allah ya yi miki albarka. Malam, ban gaya maka ba? Yarinyar nan 'yar halak ce, ta fi wasu Musulmin ma." Ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. Sai ya ɗan matso ya rage murya. "To tunda magana ta wuce, 'yata, ki ɗan zura ɗaya ki tsaya a kan yatsun nan naki, a ɗauke ki hoto in tura wa masu saye. Minti ɗaya. Ba kyauta ba fa, zan ga abin da zan yi."

Ta dube shi, ta dubi ƙafarta da ke naɗe da bandeji.

"Yafiya na kawo maka, Alhaji. Ban kawo ƙafa ba."

Na buɗe baki zan ƙara masa da nawa, sai na tuna ina azumi, na haɗiye. Yana ta mita a bayanmu wai shi bai ga abin fushi ba.

Daga nan ta ce in raka ta wajen Lawban. Na san abin da take nufi, na tsaya a bakin titi na yi mata faɗa kamar 'yar cikina. Na ce ta koma gida, iyayenta suna raye, ta buɗe aji ta koya wa yara, kowa ya san ta yi iyakar yinta. Na ce ni kaina na gama da garin nan, bayan salla zan tattara. Na ce shekara guda a cikin bujen kaba ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu wanda ya yi mata alkawarin baɗi.

"Na sani, Baba. Babu alkawari."

"To don me?"

"Matar nan ta ce in dawo. Wanda ya ba ni abin kuma bai ce in ajiye ba tukuna. In ya ce, zan ji a jikina, ba sai an gaya mini ba."

Muka tarar da Lawban yana lissafin kujeru. Na yi tafinta a gaban hafsoshi a Sudan, na yi a asibiti a Jidda inda ake gaya wa mutum ciwonsa ba ya warkewa, amma ban taɓa ɗaukar magana mai nauyin wannan daga wani yare zuwa wani ba. Na gaya masa za ta ƙara shekara.

Bai yi mamaki ba. Ya gyaɗa kai, ya dubi bandejin, ya tambaya ko za ta iya tsalle zuwa Asabar. Na tambaye ta, ta ce za ta iya. Har mun juya ya kira ni ya ƙara wata magana, yana nuna maƙogwaronsa.

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce baƙi suna ƙorafi ba kya ihu sosai. Wai ki ƙara."

Ta gyara tsayuwarta, bayanta ya miƙe kamar gora.

"Ka ce masa na ji."